Wace Niagara Falls ɗin kake nufi?

Ƙanina na ga saƙonka, wai kana son zuwa karatu Niagara Falls tunda ejan ya turo maka hoton ruwan nan mai zubowa. To tsaya, wacce daga ciki? Garuruwa biyu ne masu suna ɗaya, ɗaya a lardin Ontariyo na Kanada ɗaya a jihar New York ta Amurka, kogi ne kawai ya raba su da gadar Rainbow a kai, amma bizar wannan ba ta shigar da kai wancan. Ka tambayi ejan ɗin, in ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka. Ita kanta Niagara College da ake ta zancenta a garuruwan Welland da Niagara-on-the-Lake na ɓangaren Kanada take, ba bakin ruwan ba.

Sai Fall ɗin da ka ce ka gani a fom, wanda ba harafin s a ƙarshe, wannan ba ruwa ba ne, lokacin kaka suke nufi, zangon da ake farawa a Satumba. Wanda ke son sa tun watanni da yawa kafin nan ya gama tura takardu, ba irin naku na sai an kusa rufewa ba.

Ruwan kam yana da kyau, ba zan maka ƙarya ba, tsayin na ɓangaren Kanada ya kai mita 57, in ka tsaya kusa feshinsa sai ya jiƙa maka riga. Amma wallahi ba ya biyan haya. Garin da 'yan yawon buɗe ido yake rayuwa, lokacin zafi aiki kamar me, ni gyaran ɗakuna na yi a wani otal ina cire zanin gado har bayana ya ƙage, sanyi na shigowa manaja ya zaftare mana awanni ba ko sannu, shi kuwa mai gida ranar ɗaya ga wata yana jiran kuɗinsa cif. Abin da ya fi min ciwo a lokacin, 'yan gida na ganin hotona a bakin ruwa suna turo min lambar akawu. Haka na daure na gama karatuna ba wanda ya biya min ko sisi.

Kuma yanzu ya fi lokacinmu wuya. Daga Janairun 2024 kuɗin da za ka nuna na zaman shekara don bizar karatu ta Kanada ya tashi daga dala 10,000 ta Kanada zuwa 20,635, an ma sake ƙarawa, kuma ban da kuɗin makaranta fa. Gwamnatin Kanada ta ƙayyade yawan ɗaliban waje da ake ɗauka, aiki a wajen makaranta awa 24 ne a sati lokacin karatu. Sanyi kuwa, guguwar ƙanƙarar Disambar 2022 ta kashe sama da mutum 40 a yankin Buffalo, nan tsallaken kogi.

Ka ɗauki hoton takardar da ejan ya ba ka ka turo min, kar ka bari Baba ya sayar da gona kafin in duba.