Zuwa ga ƙanena mai son binciken sudojin a ƙasar waje

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce ka gama digiri na biyu a bayokemistiri a Kano, kana neman gurbin digiri na uku kan sudojin da rawar da suke takawa a garkuwar jiki, amma abokanka na ce maka ɓata lokaci ne, wai ai matattun ƙwayoyin gado ne.

Da ma haka aka ɗauka shekaru da yawa. Sudojin (pseudogene a Turance) kwafin ƙwayar gado ne da ya rasa ikon yin aikin asalinsa. A 1977 aka fara ba su sunan sudojin, bayan an gano wani kwafin ƙwayar gado mai suna 5S a jikin kwaɗo wanda ba ya aiki. Ɗan Adam na da irinsu kusan 14,000, alhali masu samar da furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba. Sai dai wasunsu ba su mutu ba. Ba sa yin furotin, amma suna fitar da RNA, wato kwafin saƙon da ke rubuce a DNA, kuma RNA ɗin na aiki.

Ka nemi labarin Lethe, RNA ɗin wani sudojin na ɓera, wanda ɗakin binciken Howard Chang a jami'ar Stanford ya bayyana a 2013. Idan kumburi ya tashi a jikin ɓera, furotin NF-kB ne ke kaɗa gangar yaƙi, kuma shi da kansa ke tada Lethe. Lethe sai ya je ya riƙe wani sashen NF-kB mai suna RelA, ya hana shi zama a kan DNA, wutar ta lafa. Sun kuma ga yawansa na raguwa idan ɓeran ya tsufa. Sudojin da ya fi burge ni shi ne RNA5SP141, aikin ƙungiyar Michaela Gack a 2018. A zaman lafiya wasu furotin na lulluɓe da shi. Bairos ɗin HSV-1, mai jawo ƙurajen leɓe, na shiga tantani sai ya dakatar da samar da furotin ɗin mai gida, lulluɓin ya yaye, sai mai gadin tantani, RIG-I, ya hango RNA ɗin a fili ya yi kururuwa, a fara fitar da intaferon, furotin ɗin da ke yaƙar bairos. Wato ɓarawo da hannunsa ya taɓa ƙararrawar gidan. Kuma ka lura, shi ma daga dangin 5S ya fito, kamar na kwaɗon nan.

To, ga inda gizo ke saƙar. Sudojin da ƙwayar da ya samo asali daga gare ta kamar an tsaga kara suke, wani lokaci haruffa kaɗan ne suka raba su. A shekarata ta farko a nan Jamus na yi wata biyar ina gwajin PCR, hanyar ninka guntun DNA don a auna shi, ina murna sakamako na fitowa tsaf. Ranar da muka aika samfurin aka karanta jerin haruffansa, sai ga shi uwar nake aunawa, ba ɗan ba. Na fito daga ɗakin binciken da ƙarfe huɗu na yamma, duhun hunturu ya riga ya rufe gari, na zauna a tashar jirgin ƙasa na kasa ko kiran gida. Har yau ina jin ciwon watannin nan, shi ya sa ba na so ka maimaita su. Ka kuma sani abin da aka gani a ɓera ba lallai a same shi a mutum ba, domin sudojin da yawa na jinsi ɗaya ne kawai.

Saboda haka kada ka jira biza kafin ka fara. Ka koyi harshen kwamfuta na R ko Python tun kana gida. Rumbun bayanan ƙwayoyin gado na GEO da na Ensembl kyauta ne, kwamfuta da data kawai suke buƙata. Ka ɗauko bayanan tantanin da aka sa wa bairos, ka duba waɗanne sudojin ne suka tashi, ka kuma gwada ko za ka iya bambanta su da iyayensu. Shafi biyu na irin wannan aikin sun fi doguwar wasiƙar yabon kai tasiri a wajen farfesa.

Batun kuɗi kuwa, a nan galibin guraben digiri na uku a fanninmu da albashi suke zuwa, akwai kuma tallafin DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus. Ka zaɓi mai kula da kai kafin ka zaɓi gari, ka tambayi ɗalibansa yadda yake da su.

Ka turo min daftarin wasiƙarka kafin ƙarshen wata in duba. A gaishe min da su Baba.