An damfari ƙanena, ga bashi ya yi masa katutu

Tambaya: 'Yan damfara sun sa ƙanena ya ci bashi ya tura musu. Masu bin bashin sun hana shi sakat. Ina mafita?

Amsa: Allah ya mayar masa da alheri. Ya sanar da bankinsa yau, don ana iya tsayar da kuɗin idan ba a kwashe ba. Ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya adana saƙonni da rasit. Sannan ya rubuta kowane bashi da ruwansa, ya nemi biya kaɗan-kaɗan, a rubuce. Kada ya ci sabon bashi don toshe tsoho. Duk wanda ya ce a biya shi ya dawo da kuɗin, macuci ne.

Ayyana karayar arziki a kotu sai da shawarar lauya: ana iya sayar da kadarorinsa, kuma ba kowane bashi yake gogewa ba.