Allurar da ta sha rana

'Yata, kin tambaye ni me ya sa nake tayar da jijiyar wuya idan na ga kwalbar oksitosin, allurar da ke ɗaure mahaifa ta tsayar da jini bayan haihuwa, a kan tire ko a aljihun rigarki, alhali kwanan watan da ke jikinta bai wuce ba. Wannan kwanan watan, kamfani ya rubuta shi ne bisa sharaɗin maganin zai zauna a firji, tsakanin digiri 2 da 8. In ya daɗe cikin zafin bazara, launinsa ba ya sauyawa. Ƙarfinsa ne ke tafiya, kuma idonki ba zai gaya miki ba.

Lokacin da nake riƙe da ɗakin haihuwa a wani asibitin ƙaramar hukuma, an ba wani ɗan kwangila aikin kawo mana magani. Da azahar ya iso, kwalaye jibge a but ɗin mota, babu ko ƙanƙara. Na ɗora hannu a kan kwali na ji shi da zafi rau. Na ce ban karɓa ba. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke ungozoma ce ko mai gyaran firji?" Ya zagaya ta sito, aka sa masa hannu, aka biya shi. Na rubuta takarda zuwa sama, ba wanda ya ce mini uffan.

Ba a jima ba aka kawo wata baiwar Allah daga ƙauye, haihuwa ta takwas, idonta fari fat tun kafin naƙuda don ba jini a jikinta. Ta sauka lafiya, namiji, mabiyiya ta fito cikakkiya. Na yi mata allurar oksitosin, mahaifa ta ƙi ɗaurewa. Na ƙara a cikin ledar ruwa, ta ƙi. Jini na zuba kamar an buɗe famfo. Na aika a kawo misoprostol, ƙwayar da ita ma ke ɗaure mahaifa, aka ce babu, yana cikin kayan da mutumin nan ya karɓi kuɗinsu bai kawo ba. Na sa hannu ɗaya ciki ɗaya a kan mara na matse mahaifar har hannuna ya mutu, mijinta kuma yana bin gidaje cikin dare neman mai ba da jini. A mota ta cika, kafin a kai babban asibiti. Dangi suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta wanke mai sayar da ruwa da sunan magani. Bayan haka na ga ɗan kwangilar a sabuwar mota, har da ɗaga mini hannu. Ban amsa ba, kuma har yau ban yafe ba.

Ku 'yan yanzu an yi muku gata, kuna wasa da shi. Mu da ido muke kintatar jini a jikin zani, ku an ba ku leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa ta tara jinin, amma sai in tarar da ita a naɗe, ke kina danna waya. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Da ledar nan da haɗa magani a lokaci guda, zubar jini mai tsanani ta ragu da kashi 60 cikin 100.

Murza mahaifa, sa robar fitsari, duba yagewa, ba zan tsaya koya miki ba. Wadda ba ta san wannan ba, me ya kawo ta ɗakina? Abin da nake so ki riƙe shi ne, jini na kai layin mililita 500 a leda, kar ki yi allura ɗaya ki naɗe hannu kina jiran ikon Allah, domin ba ki san ranar da kwalbar ta sha a hanya ba. Oksitosin, ƙarin ruwa, da tiraneksamik, maganin tsayar da jini, giram 1 ta jijiya a hankali, duk tare. Tiraneksamik cikin awa 3 da haihuwa yake da amfani, kar ki bari sai an gaji a tuna da shi. Ki aika a taso likita tun matar tana iya amsa sunanta, kuma duk mai cikin da kika ga idonta fari a wurin awo, ki gaya wa mijinta tun ranar ya nemo masu ba da jini.