Ana iya auna juriyar zuciyar kurtu?

Malam, ka ce ƙaninka na shirin tafiya horon soja a Zariya, kana son sanin ko akwai yadda ake gane zuciyarsa za ta ɗauka. Akwai, sai dai ba kamar awon hawan jini ba ne.

Masana halayyar ɗan Adam kan yi amfani da takardar tambayoyi. Fitacciya ita ce ta Connor da Davidson da ta fito a Amurka a 2003: tambayoyi 25, kowacce maki 0 zuwa 4, jimilla 100. Tana tambayar yadda mutum ke farfaɗowa bayan wahala. Matsalarta, mutum ne ke ba da amsa da kansa, kuma yaron da ke son kaki ba zai rubuta cewa yana saurin karaya ba. A takarda kowa jarumi ne.

Ni dai na fi yarda da ido. Na zauna kusa da barikin Rukuba a nan Jos, na ga yara da dama. Duba ƙanin naka ranar da aka yi masa faɗa ko ya faɗi jarrabawa: ya ci tuwon dare? Washegari ya fita ƙwallo da abokai? Wannan ce alamar. Kada ka ɗauki shiru-shiru a matsayin juriya, wani a ciki abin ke cin sa.

Idan kuwa ya yi makonni ba barci, ko yana firgita, ko ya fara shan ƙwaya, kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) kafin ya tafi.