Amsa kan na'urar share tafkin ninkaya a lokacin hunturu

Malam, ka tambayi ko na'urar da ake jonawa da famfon tafki ta fi mai injin kanta kwashe ƙurar hunturu. Ta farkon, irin su Kreepy Krauly da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu a shekarun 1970, tana tura duk dattin da ta zuƙo zuwa matatar tafkin mai tace ruwa da yashi, wadda ba ta cika riƙe ƙurar da ta gaza maikiron 20 ba (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), shi ya sa ruwan ba ya yin garau. Ta biyun kuwa tana da burushi da matatarta a jikinta. A ganina ita ta fi dacewa, muddin aka sanya mata matata mai ƙananan ramuka, aka kuma riƙa wanke ta bayan kowane aiki.