Amsar tambayarki a kan gatana

Ɗiyata,

Saƙonki ya same ni ranar Alhamis ina dawowa daga kasuwar Dole, na bar shi sai da na zauna, don ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Kin ce ke da abokan karatunki a Yamai kuna shirya gajerun labarai da Hausa, wasu don rediyo, wasu ku ɗauka da waya. Kina son sanin dalilin buɗe tatsuniya da "ga ta nan ga ta nanku", da abin da ya sa aka hana yin ta da rana, da kuma ko dole ne ku riƙe waɗannan a aikinku. Wallahi na ji daɗi har cikin raina. An daɗe ba wanda ya tambaye ni wannan a zuri'ar nan.

A gidanmu na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, gatana muke ce wa tatsuniya. Bayan an ci tuwon dare, Inna, wato kakarki, takan zauna bakin tabarma da mazarinta da ɗan allinta tana kaɗi, mu kuma mu kewaye ta. Sai ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ta yi shiru. In ba mu amsa "ta zo mu ji ta" gaba ɗayanmu ba, ba ta ƙara ko kalma. Ina tuna wani dare mahaifinki ya yi fushi an hana shi fita wasa, ya juya baya ya ƙi amsawa. Inna ta ci gaba da murza mazarinta a cinya kamar ba ta san da mu ba. Muka yi ta zungurinsa har ya amsa can ƙasan maƙoshi, sannan ta fara. A lokacin na ɗauka horo take yi masa. Sai da na girma na gane izini take nema. Wanda bai ce ta zo ba, ba ya cikin tafiyar, kuma mutum ɗaya da hankalinsa ke waje yana iya kashe wa kowa daɗin labari. Da amsar nan kuma mun yarda cewa daga yanzu kura za ta yi magana, kabewa za ta bi mutum da gudu, ba mai cewa ƙarya ne.

To ke a rediyo ko a waya ba wanda zai amsa miki da baki. Amma har yanzu ana amsawa, da yatsa ake yi: ko a tsaya, ko a wuce. Maganarki ta farko ita ce ga ta nan ɗinki.

Abin da nake so ki fi riƙewa shi ne abin da ke biyo baya. Inna ba ta taɓa farawa da faɗin kyan gari ko tsawon katangar sarki ba. Farkon abin da ke fita bakinta shi ne wa ke son me. "Wata shekara aka yi yunwa, Gizo ba shi da ko zangarniya ɗaya a rumbu, ga Ƙoƙi ta tasa shi gaba." Shi ke nan, ta kama mu. Mun san yunwa, mun san rumbun da ba komai, mun kuma san Gizo ba ya noma. To yaya zai yi? Wannan "yaya zai yi" ita ke hana yaro barci. Ki duba duk gatanar da kika sani. Ƴar bora tana son ta dawo da abin da rafi ya tafi mata da shi, don ba ta isa ta shiga gida hannu wofi ba. Kura tana son nama, tsoro da kwaɗayi suna ja mata. Kullum akwai mai buƙata, akwai abin da ya tare masa hanya, kuma abin ya fi ƙarfinsa. Ba banza aka ba ɗan mitsitsin Gizo sarautar tatsuniya aka bar giwa ba. Giwa in tana son abu ɗauka take yi, ba labari a ciki.

Sannan maimaici. Yarinya ta gamu da abu na farko, ta yi waƙarta, ta wuce. Na biyu, waƙar dai ita ce, mu ma mun fara kamawa muna amshi. A na uku sai abin ya juye. Inna kan rage murya a daidai nan, mazarin ya tsaya cak a hannunta, har ka ji kukan gyare a bayan danga. Shirun nan na cikin labarin, kada ku cike shi da kiɗa. Na saurari wasanni da yawa inda ake sa ganga ko goge daidai wurin da ya kamata a bar zuciyar mai sauraro ta buga ita kaɗai, abin yana ba ni takaici. Murya ma haka. Da tsamin bakin Gizo kawai ake gane shi, ba sai an ce "in ji Gizo" ba. In mutanenki biyar ne amma duk magana iri ɗaya suke yi, to mutum ɗaya gare ki.

Batun rana kuwa, mu abin da aka faɗa mana shi ne mai gatana da rana ɓata yake yi, ya kasa gane hanyar gida. Ni ban taɓa ganin wanda ya ɓata ba. Amma kin san Damagaram da wahalar ruwa: yarinyar da ta zauna jin Gizo da hantsi, wa zai je ɗibar ruwa, wa zai yi surfe? Akwai kuma dalili na biyu da na fi yarda da shi. Da rana ido na ganin akuya da turmi da bango, Dodo ba ya samun wurin tsayawa. Da dare kuwa kowa shi ke ƙera nasa Dodon, kuma na cikin kai ya fi duk wanda za a nuna maka ban tsoro. Ku masu ɗaukar hoto ku yi tunani a kan wannan. Ba duk abin da kuke iya nunawa ya kamata ku nuna ba.

Kada kuma ki haɗa gatana da labari. A zauren Baba maza kan ba da labarin Sarki Tanimun da ganuwar da ya kewaye Birni da ita da bindigoginsa, ko na Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe Bafaranshe Kazamaju a nan Zinder a 1898, Faransawa suka dawo a 1899 aka gwabza a Tirmini. Ba mai buɗe wannan da "ga ta nan". Cewa ake "na ji daga bakin wane, shi kuma ya ji daga wane", don mai faɗi ya ɗauki nauyin gaskiyarsa. Amma ko a nan, tsohon da ya iya ba shekaru yake jerawa ba. Yakan kai ka gaban sarki, ga baƙo ya sauka a garinsa da bindigogi, ga mayaƙin nan Rabe da rundunarsa a gabas, ya bar ka kana tambayar kanka in kai ne me za ka yi. In za ku taɓa tarihin garin nan, ku tambayi masu shi, kada ku ƙara gishiri inda jikokin mutanen suna raye.

Ki tuna da wasan kara ma, yadda saurayi zai kwaikwayi babban mutum. Ba kamannin fuska ke sa jama'a su gane shi ba. Abu ɗaya ya lura da shi, yadda yake gyara hula ko yadda yake ɗaga hannu in zai gaisa, sai fili ya ɗauki sowa. Ki riƙa zama cikin mutane kina kallo kina saurare, a tasha, a gidan biki, a layin famfo.

Rufewa kuma, "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Da an faɗe ta an sallame mu, mun dawo tsakar gida. Inna ba ta taɓa bin ta da wa'azi ba. Ƴar mowa ta sha abin da rashin kunyarta ya jawo mata, mun gani da idonmu, mu muke kwana muna juya shi.

Don haka ga amsata. In gatana kuke yi, ku buɗe ta ku rufe ta yadda aka gada, ku ma sa muryoyin yara su amsa, haƙƙinta ne. In labarin yau ne, na ɗan kabu-kabu ko na ɗaliba a Yamai, ba sai kun ɗora masa kalmomin ba. Rana kuma kada ta dame ku, ku ɗauka lokacin da kuka samu dama.

Kafin ku kai ko'ina, ki tara ƙannenki in kin zo hutun Sallah, ki ba su labarin da baki, ba takarda ba waya. Ni zan zauna gefe in lura da inda suka fara motsi. Mazarin Inna yana nan cikin adudu na, zan fito miki da shi ki gani. Ki gaida Kawunki da mutanen gida. Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki