Hukuncin Cewa "An Sayi Alƙalin Wasa" Da Zaginsa A Gidan Kallo

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matashi ne mai son ƙwallo, kusan duk Asabar da Lahadi ina gidan kallon unguwarmu. Idan alƙalin wasa ya hana ƙungiyarmu fenareti ko ya ba ɗan wasanmu jan kati, sai mu ce an saye shi, wasu har su zagi iyayensa, mu kuma hau Facebook mu rubuta. Wani abokina ya ce wannan giba ce da ƙage. Na ce masa mutumin nan yana can Ingila, ba Musulmi ba ne, bai ma san da mu a duniya ba, kuma kowa ya san ana sayen wasa. Malam wa ke da gaskiya a cikinmu? Sannan ƙanena yana busa wasannin unguwa, wani lokaci mai ƙungiya yakan ba shi wani abu kafin wasa ya ce na ruwa ne. Ya halatta ya karɓa?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, abokinka ya fi ka gaskiya, sai dai ba duk abin da ake faɗa a gidan kallo ne haram ba. Sukar hukuncin da alƙalin wasa ya yanke halal ne. Cewa ya ci hanci alhali ba ka da hujja haram ne. Zagi kuwa haram ne ko da ya tabbata ya ci hancin.

Alƙalin wasa aikinsa a bainar jama'a yake yi, don haka idan ka ce "wannan ba satar gida ba ce", ko "ƙetar nan ba ta kai jan kati ba", ko ma "wannan alƙalin yana yawan kuskure", magana ka yi a kan aikin da kowa ya gani, ba giba ba ce. Sharaɗinta kawai ka faɗi gaskiya, domin Allah ya ce a Suratul An'am aya ta 152: idan za ku yi magana ku yi adalci, ko da a kan makusanci ne. Ka gwada kanka da wannan: da ɗan wasan abokan hamayya aka yi wa irin wannan ƙetar, za ka ce fenareti ce? In amsarka tana canzawa da launin riga, to so ne ya hana ganin laifi. Sannan ka san dokar kafin ka yi musu a kanta. Dokokin ƙwallo 17 ne, hukumar IFAB ce ke kula da su, kuma dokar taɓa ƙwallo da hannu kaɗai an yi mata gyara fiye da sau ɗaya daga 2019 zuwa yau. Da yawan masu ɗaga murya da tsohuwar doka suke hukunci, alhali Allah ya ce kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa (Isra'i, 36).

Inda matsalar take shi ne lokacin da ka tsallaka daga abin da idonka ya gani zuwa abin da ke zuciyar mutum da aljihunsa. "Ya yi kuskure" labarin fili ne. "An saye shi" da'awa ce cewa wane ya karɓi kuɗi ya ci amana, kuma Annabi (SAW) ya ce kawo hujja yana kan mai da'awa. Ya kuma ce, a hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito: kashedinku da zato, domin zato shi ne mafi ƙaryar zance.

Ka ce kowa ya san ana sayen wasa. Wannan gaskiya ne, ba zan musa maka ba. A Jamus an ɗaure alƙalin wasa Robert Hoyzer shekara 2 da wata 5 bayan ya amsa a 2005 cewa ya murɗe wasanni don masu caca. A Italiya a 2006 an ƙwace wa Juventus kofuna biyu aka mayar da ita rukuni na biyu saboda katsalandan a harkar alƙalan wasa. Na kusa da mu shi ne Joseph Lamptey ɗan Ghana: a Nuwamban 2016, a wasan neman gurbin kofin duniya tsakanin Afirka ta Kudu da Senegal, ƙwallo ta bugi gwiwar Kalidou Koulibaly na Senegal, shi kuma ya busa fenareti ya ce hannu ne. Afirka ta Kudu ta ci 2-1. FIFA ta haramta masa alƙalanci har abada a 2017, aka sake wasan, Senegal ta ci 2-0. Amma ka duba da me aka kama su. A Italiya muryoyin wayar tarho ne da aka naɗa. A Jamus mai laifin ne ya amsa da bakinsa. A shari'ar Lamptey an bi diddigin yadda kuɗin caca suka riƙa gudana a kan wasan, aka saurare shi, ya ɗaukaka ƙara kotun wasanni ta duniya ya faɗi. Babu wanda aka hukunta saboda ihun 'yan kallo.

To ga ɗaya ɓangaren. Ranar 30 ga Satumban 2023 Luis Diaz na Liverpool ya ci ƙwallo lafiyayya a ragar Tottenham, mataimakin alƙali ya ɗaga tuta ya ce satar gida. Wanda ke kan na'urar VAR, mai sake duba bidiyon wasa, ya duba ya ga babu satar gida, amma ya zaci an riga an ba da ƙwallon a fili, sai ya ce an gama dubawa, hukunci ya yi. Kafin su farga an ci gaba da wasa. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa kuskurenta, ta fito da muryoyinsu duniya ta ji yadda suka ruɗe. A gasar kofin Afirka a Kamaru, Janairun 2022, Janny Sikazwe ɗan Zambiya ya busa tashi a minti na 85 a wasan Tunisiya da Mali, aka dawo, ya sake busawa kafin minti 90 su cika. Daga baya aka bayyana cewa zafin rana ne ya buge shi har sai da aka kai shi asibiti. Yanzu ka gaya min, kai da ke kan benci a gidan kallo, da me za ka bambance busar Lamptey da ta Sikazwe a ranar da aka yi su? A allon talabijin kamarsu ɗaya. Tunda ba za ka iya bambancewa ba, ba ka da ikon yanke wa mutum hukuncin cin amana.

Ka tuna kuma shi alƙalin wasa sau ɗaya ya gani, yana gudu, 'yan wasa sun tare masa ido, kai kuwa an maimaita maka ta kusurwa daban-daban a hankali. Annabi (SAW) da kansa, a hadisin Ummu Salama, ya gaya wa masu kawo masa ƙara cewa shi mutum ne, yana hukunci ne gwargwadon abin da ya ji, kuma wani zai iya fin wani iya tsara hujja. Shari'a ta san akwai kuskure akwai zalunci, ba ta haɗa su a ma'auni ɗaya ba.

Hausawa kan ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Maganar tana da kyau wajen tsoratarwa, amma ayar Suratul Hujurat ta 12 cewa ta yi sashen zato ne zunubi, ba dukkansa ba. Idan alamu suka yi yawa har zuciyarka ta ƙi natsuwa, ba a kama ka da abin da ya ɗarsu a ranka ba, kuma ya halatta ka ce "wannan wasa ya kamata hukuma ta bincika". Abin da bai halatta ba shi ne ka mayar da shi labari tabbatacce ka yaɗa. Idan kuma bincike ya tabbatar, kamar na waɗanda na ambata, faɗarsa ba giba ba ce, tana cikin gargaɗin mutane daga sharri da Imam Nawawi ya lissafa a wuraren da aka yarda a ambaci aibin mutum.

Batun cewa ba Musulmi ba ne, wannan ba mafaka ba ce. Malamai sun tattauna ko sunan giba yana hawa kan ambaton wanda ba Musulmi ba, saboda hadisin cewa ya yi "ɗan'uwanka". Amma abin da kuke yi ya wuce giba, ƙage ne, kuma ƙage bai halatta a kan kowa ba. Allah ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 112 cewa wanda ya aikata laifi sannan ya jefi wanda ba shi da laifi da shi, ya ɗauki ƙage da zunubi bayyananne. Malaman tafsiri da yawa sun ambaci cewa ayoyin nan sun sauka ne a kan wani da ya saci sulke a Madina ya ɗora wa Bayahude, sai Alƙur'ani ya wanke Bayahuden. A Ma'ida aya ta 8 kuma aka ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. In ƙiyayyar addini ba ta halatta zalunci ba, ina ga adawar Arsenal da Chelsea?

Cewa ba ya ji ma ba hujja ba ce, don mala'ikun da ke rubutu suna ji. Kuma wa ya ce ba ya isa? Anders Frisk ɗan Sweden ya ajiye alƙalanci a 2005 saboda barazanar kisa da aka yi masa bayan wasan Barcelona da Chelsea. A 2023 magoya baya sun yi wa alƙalin wasa Anthony Taylor ca a filin jirgin Budapest yana tare da iyalinsa, har da jifa da kujera. Irin wannan daga ƙananan maganganu yake taruwa. Bakin da ya saba a gidan kallo shi ne yake zuwa filin wasa a nan gida, inda alƙalin maƙwabcinka ne kuma dutse yana isa gare shi. Gobe ƙanenka ne a tsakiyar filin.

Zagin iyaye kuwa babu dogon bayani. Annabi (SAW) ya ce mumini ba mai suka ba ne, ba mai tsinuwa ba, ba mai alfasha ba. Ya kuma lissafa cikin manyan zunubai mutum ya zagi uban wani, shi ma a zagi nasa. Sheganta mutum ya fi muni: a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, kore Musulmi daga nasabarsa ƙazafi ne mai haddin bulala 80. Zartar da haddin aikin alƙalin shari'a ne, shi zai duba lafazi da abin da aka nufa, amma zunubin yana kan mai furtawa tun daga lokacin.

Bari in ƙara abin da ba ka tambaya ba. Na lura mafi zafin masu zagin nan ba ƙungiya suke wa kuka ba, kuɗin da suka zuba a cacar waya suke wa. Wannan haram ne tun daga tushe, kuma Allah ya faɗa a Ma'ida aya ta 91 cewa da giya da caca Shaiɗan yake jefa gaba da ƙiyayya ya kuma hana salla. Wasannin ƙarshen mako da yawa suna cin La'asar da Magariba, ka kula da wannan.

Tubanka shi ne ka daina, ka nemi gafarar Allah, ka goge abin da ka rubuta, kuma a majalisar da ka ce an saye shi ka koma ka ce ba ka da hujja. Ba sai ka nemo alƙalin Ingila ba. Amma in na gida ne kuma maganar ta kai kunnensa, ka je ka nemi afuwarsa.

Sai batun ƙanenka. Kada ya raina aikinsa don wasan unguwa ne. Shaihul Islam Ibn Taimiyya ya ce duk wanda ya yi hukunci tsakanin mutum biyu alƙali ne, har wanda yake raba gardamar yara a kan wa ya fi kyan rubutu. Saboda haka hadisin Buraida ya shafe shi, cewa alƙalai uku ne, biyu a wuta ɗaya a Aljanna, kuma wanda ya san gaskiya ya karkace yana cikin biyun. Ladan busa halal ne idan masu shirya gasa ne suka biya, ko ƙungiyoyin biyu suka haɗa daidai wa daida, an san adadinsa a fili kafin a take leda. Abin da mai ƙungiya ɗaya zai danƙa masa a gefe kuwa toshiya ce, ko an ce na ruwa ne ko na goro, kuma Annabi (SAW) ya tsine wa mai ba da hanci da mai karɓa. Ko da ya ce a ransa zai yi adalci, bai halatta ya karɓa ba. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) cewa ya yi me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa? Ƙanenka ya tambayi kansa ko mai ƙungiyar nan ya taɓa ba shi na ruwa a ranar da ba shi ne zai busa ba.

Abin da ya karɓa a baya ya mayar wa mai shi, in hakan ba zai yiwu ba ya ba mabuƙata da niyyar rabuwa da shi. In ya san ya taɓa karkatar da wasa saboda kuɗin, ya nemi yafiyar ƙungiyar da ya zalunta. Ranar da ƙungiyar unguwarsu ko ta wani makusancinsa za ta buga kuma, ya fi masa ya bar wa wani usur ɗin.

Wallahu a'alam.